Maki Biyun da Mushe Isufu Ya Hana

Duk wanda ya yi lise, babbar sakandare, a Tasawa cikin shekarun nan ashirin da ƴan kai, in ka ambata masa Mushe Isufu, wato Malam Isufu, mai koyar da shimi, ilimin sinadarai, zai fara taɓe baki, sannan ya yi ajiyar zuciya. Dogo ne siriri, mai ɗan doro kamar wanda ya daɗe yana neman abu a ƙasa. Riga biyu gare shi ta zuwa aiki, sai jan bik guda na rubutu a aljihun ƙirji.

A Maijirgi aka haife shi. Su biyu ne maza wajen ubansu, shi da wansa Na Allah. Shekarar da aka zo rubuta yara a lakol, makarantar boko, uban ya dube su ya miƙa ƙaramin, don babban ya riga ya iya riƙon hauya. Da Isufu ya ci gaba zuwa Tasawa, Na Allah ne ke ɗaura jaki a amalanke bayan kowace kaka, ya kai damman hatsi gidan da aka sauke ƙanensa. Shekara bakwai yana wannan jigila, bai taɓa tambayar abin da ake koya masa ba. Isufu ya samu bak, takardar gama lise, ya tafi jami'a a Yamai, ya dawo da takardarsa, aka ba shi aji a garin da ya yi karatu.

Makarantar tana da ɗakin gwaji, amma famfonsa ya ƙafe tun kafin zuwansa, kwalaben da ke kan kanta kuwa rubutunsu ya goge, ba mai yarda ya buɗe su. Sai ya riƙa zuwa da ruwan zoɓo a gora. Ya ɗiga lemun tsami, ruwan ya ƙara ja. Ya jefa kanwa, ya juye kore. Yara tamanin su miƙe kan benci suna leƙe. A irin wannan rana kaɗai ake ganin haƙoransa.

Ranar farko ta kowace shekara ba ya karatu. Dokokinsa yake rubutawa a allo, kowa ya kwafe su a shafin farko na kayensa, littafinsa na rubutu. Wanda ya kwafi amsa da wanda aka kwafa wurinsa, sifiri dukansu. A naɗe kusurwar takardar jarrabawa a rufe suna, don kada ya san ta wa yake dubawa. Ba ya ƙara rabin maki, ba ya ragewa. Sai babbar cikinsu, wadda yake ja wa layi biyu: duk lambar da aka rubuta ba tare da sunan ma'auninta ba, ba ta da maki ko ɗaya.

"Lamba ba ta fita tsirara," in ji shi. "In ka je kasuwa ka ce a ba ka hatsi uku, uku mi? Tiya uku, buhu uku, ko tsaba uku? A shimi, tsakanin giram da miligiram akwai kabari."

Yara sukan yi dariya. Ƙarshen zango su daina.

Ana nan sai Rabilu, ɗan Na Allah na fari, ya samu shiga lise. Uban ya kawo shi da tabarma da akwatin ƙarfe, ya ce wa ƙanensa, "Ga ɗanka nan." Zara'u matar Isufu ta share masa ɗakin zaure. Allah bai ba su ɗa namiji ba, sai yaron ya shiga ransu duka biyu. Rabilu na da kaifin kai da saurin hannu, shi ke gyara rediyon maƙwabta, shi ke harhaɗa fitilar da ta mutu. Aibinsa gaggawa. Da ya hango amsa sai ya rubuta ya wuce, kamar ana korarsa. Ga shi kuma kowace shekara sai ya makara da wata guda, domin buɗe makaranta kan zo daidai da yankan hatsi, kuma ƙarfin ubansa ya fara ja baya.

Ajin da ke gab da na ƙarshe ya ba shi wuya, ya maimaita shi. Dokar makarantar a fili take: wanda ya maimaita aji, in bai kai goma cikin ashirin ba a karo na biyu, korarsa za a yi.

Bayan jarrabawar ƙarshen shekara, Isufu ya zauna ƙarƙashin dogonyaron gidansa da la'asar, da tarin takardu a cinya. Ya kai kan wata, kusurwarta a naɗe kamar sauran, amma rubutun ba baƙonsa ba ne. Shekara uku yana ganinsa a kan tabarmar zaure. Lissafin ya tafi daidai tun daga sama har ƙasa, hanyar ma ta fi tasa gajarta. Sai dai amsoshi uku na ƙarshe, kowace mai maki biyu, lambobi ne tsirara. Ya daɗe yana kallonsu, har kaji suka fara shiga akurki. Da baƙin bik a hannunsa, haruffa shida sun isa, ba wanda zai sani. Ya ja jan layi uku, ya rubuta takwas a inda sha huɗu za ta zauna.

Da aka haɗa makin dukan darussa, na Rabilu ya tsaya a tara da ɗigo tara.

Sirajo, sanser ɗin makarantar, wanda ke kula da sakamako, ya kira Isufu ofis ya rufe ƙofa.

"Mushe, maki biyu kawai za ka ƙara mishi, ya haye. Takardar tana nan, ba a shigar da ita ba tukuna."

"Bara na hana wata yarinya, Zubaida, ƴar El Allassane Maireyrey, maki ɗaya a kan wannan dokar," in ji Isufu. "An kore ta. Ubanta ya zo har gidana ya durƙusa. Mi zan ce mishi in mun gamu?"

"Ba za ku gamu ba."

"Ni zan gamu da kaina."

Sirajo ya dube shi ya ce, "Ɗan wanka ne fa. Hatsin ubansa ka ci ka zama abin da ka zama."

Isufu ya buɗe ƙofa ya fita. A taron malamai, da aka kira sunan Rabilu, kowa ya juyo yana jiran Isufu ya buɗe baki. Ya kafa ido a kan tebur. Aka jira, aka ƙara jira, sannan shugaba ya rubuta kora, aka kira suna na gaba.

Zara'u ta yi kwana uku ba ta haɗa ido da shi ba. Rabilu kuwa bai yi gardama ba. Ya karɓi takardarsa ya duba jan layin, ya ce, "Gaskiya ne, Baba, ban sa ba." Wannan magana ta fi zagi ciwo a wurin Isufu.

Ranar kasuwa Na Allah ya zo da amalanke. Suka gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar gida. Aka ɗora akwatin ƙarfe. Sai da ya kama igiyar jaki sannan ya ce, "An ce bai iya ba ne?"

"Ya iya, Yaya. Akwai abin da bai rubuta ba."

"Abu mai yawa?"

"A'a. Kaɗan ne."

Na Allah ya gyaɗa kai. "To, ku kuka san aikinku," ya ce, ya buga wa jaki sanda.

Isufu ya yi niyyar nema wa yaron wata makaranta bayan damina. Kafin ya gama shawara, aka aiko masa cewa Rabilu ya bi samarin garin zuwa arewa, wajen haƙar zinari.

Shekarar da ta biyo baya yajin aiki ya cinye wata huɗu. Da aka zo taron ƙarshen shekara aka ga in an tsaya kan goma, ajin ƙarshe zai zama kango, sai malamai suka yarda a sauko zuwa tara. Yara goma sha bakwai da ba su kai Rabilu ba suka haye. Aka miƙo wa Isufu takardar taron, ya sa hannu kamar kowa. Ya fito ya tura babur ɗinsa har gida, ya manta bai tayar da shi ba.

Shekara uku Rabilu na aiko da gaisuwa ta waya. Ya ce ya huta da shiga rami, an ba shi aiki mai sauƙi saboda ya yi karatu, har suna kiransa mai shimi. Isufu ya ji daɗi, bai tambayi wane aiki ba ne.

A shekara ta huɗu aka dawo da shi kwance a bayan mota. Isufu ya tafi Maijirgi washegari. Ya tarar da shi zaune a inuwar rumbu, ya rame, uwarsa ta ba shi fura a kwano. Ya ɗaga ludayi, kafin ya kai baki rabin furar ta zube a rigarsa. Yatsunsa na rawa, leɓɓansa na rawa, dasashinsa ya kumbura yana jini. Mutanen gida na cewa iska ce ta jeji, wasu na cewa sammu. Isufu ya tsuguna ya kama hannun, ya ji shi yana kaɗawa cikin nasa kamar tsuntsun da aka kama.

"Wane aiki suka ba ka?"

Maganar Rabilu na fita a hankali, tana sarƙewa. Ya ce shi ke cuɗa garin dutse da zaiba, farin ƙarfen nan mai gudana kamar ruwa, don ta kama zinarin, sannan ya ƙona curin a gwangwani har zaibar ta tashi ta bar shi. A cikin ɗaki yake yi, ƙofa a rufe, don masu ramin na tsoron sata.

Isufu ya saki hannun. Kowace shekara yakan ɗauki awa guda yana gaya wa yara abin da hayaƙin zaiba ke yi wa ƙwaƙwalwa da jijiya, yadda ba shi da wari, yadda yake shiga ya ƙi fita. A ajin ƙarshe yake ba da wannan darasi, ajin da Rabilu bai taka ba. Shekara uku suna ci a kwano ɗaya, bai taɓa faɗa masa ba, domin ba a kai wurin ba a tsarin karatu.

"Baba," in ji Rabilu, "kai ka sani. Akwai abin da ke fitar da ita?"

Isufu bai taɓa yi wa ɗalibi ƙarya ba. Ya ce, "Za mu je Maradi."

Sun je. Likita ya duba, ya rubuta magani, ya ja Isufu gefe ya ce rawar na iya raguwa, amma abin da ya riga ya lalace da wuya ya dawo. Isufu ya saurare shi har ƙarshe, ko da yake babu kalma ɗaya da bai sani ba.

Daga nan aikinsa ya mutu a tsaye. Ya ci gaba da zuwa aji, amma ya daina kawo gorar zoɓo. Ranar farko ta shekara sai ya buɗe littafi ya fara karatu, shafin farko na kayen yara ya zauna fari. Duk takardar da ta zo hannunsa, in dai an yi rubutu a kanta, goma ce ko sama. Yaran suka gane da wuri, suka daina karanta shimi. A jarrabawar bak, inda baƙi ke dubawa, suka zube kamar ganyen kaka. Iyayen da suka zage shi da tauri a da, su ne suka koma zaginsa da sakaci. Sirajo ya sake kiransa ofis ya ce, "Mushe, ba haka muka ce ka yi ba." Isufu ya ce, "To ku gaya mini yadda ake yi, ni na gwada duka biyun."

Da lokacin hutunsa na barin aiki ya yi, ba a yi masa wani biki ba. Ya mayar da makullin ɗakin gwaji, ya kwashe iyalinsa ya koma Maijirgi, ya gina ɗaki biyu a bayan gidan wansa. Yana da shekara sittin ya fara koyon noma. Tafinsa ya yi kanta, bayansa ya ƙara lanƙwasa, kunyar da yake ja a gona ba ta miƙewa, yaran gari na tsayawa suna kallo.

Rabilu na nan da rai. Rawar ta ɗan lafa, amma ba ya iya ɗaura maɓalli, kuma wata rana ya san mutane, wata rana ya yi ta fushi ba dalili. Isufu ne ke yi masa aski, shi ke yanke masa farce.

Na Allah bai taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa. Isufu ya yi shekaru yana jiran ranar da zai zage shi, ko ya tsine masa, ko ya hana shi shiga gidan. Ranar ba ta zo ba. Wata rana suna dawowa daga gona da hantsi, su biyu kaɗai a hanya, Isufu ya tsaya ya ce, "Yaya, maki biyu ne. Da hannuna na hana shi. An roƙe ni, na ƙi. Ka yafe mini."

Na Allah ya sauya wa hauyarsa kafaɗa. Ya dubi gabas, inda hadari ke haɗuwa yana watsewa kwana tara ke nan.

"Ni ban san maki ba, Isufu," ya ce. "In ba a yi ruwa jibi ba, sai mun sake shuka."

Ya ci gaba da tafiya, Isufu na biye da shi.