Maikano da Guntuwar Sallau

A Gesheme, in an ce maƙerar bayan kasuwa, ta Maikano ake nufi. Gadon ƙira ya yi. Ubansa hauya da lauje da kibiya ya ƙera, shi ma da su ya buɗe ido. Gyaran bindiga kuwa sai da ya yi gemu ya koya, wurin wani tsohon maƙeri a Dogon Dutsi, tun zamanin Nasara.

Bindigogin maharban Arewa na ɗuri ne. Ta baki ake zuba albarushi, a bi da tsumma da harsashi, a danna da sanda. Gindin bututun a toshe yake da dunƙulen ƙarfe, a gefensa kuma akwai ƴar kafa kamar ta allura, wadda wuta ke bi ta kai ga albarushi. Maikano yakan ce ran bindiga a wuraren nan biyu yake. Yau da gobe wuta kan cinye kafar ta yi faɗi, bindiga ta riƙa tofa wa mai ita wuta a fuska. Sai shi ya ƙara buɗe wurin, ya dasa ɗan guntun tagulla, ya huda sabuwar kafa siririya a cikinsa. Da ƴaƴansa maza suka tafi Kurmi ci-rani, matarsa Baturiya ce ta karɓi zugazugi, ta kuwa iya wuta har ba ya bukatar ce mata ƙara ko rage.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, bayan an gama yankan gero, aka aiko daga Dogon Dutsi cewa maharba su zo biki su yi harbin murna. Nan fa maƙera ta cika da bindigogi. Cikin masu zuwa har da Sallau, wani maharbi daga wajen Dumega, da doguwar bindiga wadda in ya tsayar da ita a ƙasa sai ta kai masa haɓa. Ta ubansa ce. Girar Sallau ta dama a ƙone take.

Bayan sun gaisa, Sallau ya ce, "Baba Maikano, wagga bindiga hushi take yi da ni. Doguwa, iskar da ke tare da ita tun zamanin tsohona, ta juya mini baya. Na yanka mata jan zakara, na ba ta baƙar akuya, har yanzu in na harba, ni take nema."

Maikano bai yi masa gardama ba. A ƙasar nan ba a raina zancen iskoki. Ya ce, "Abin da ke tsakaninka da ita, kai ka sani. Ni dai bari in ga ƙarfe."

Ya raba bututun da ƙota, Baturiya ta hura, ya gasa gindin, ya kama toshiyar da awartaki. Ko ƙarfi bai sa ba ta fito, tsatsa na zuba kamar garin dawa. Ya ƙwanƙwasa bututun da masaba, ya kasa kunne. Daga baki har tsakiya ƙararsa garau, amma wajen gindi sai ta mutu. Ya ja hannun Sallau ya ɗora yatsansa a wurin.

"Ka ji? Nan ya zama kamar ɓawon albasa. Ko na sa sabuwar toshiya, ba ta da abin riƙewa. Sai na yanke taƙi guda, in kai ga ƙarfe mai rai."

Sallau ya janye hannunsa. "Yanke mi? Bindigar da duk Arewa an san ta da tsawonta? In kai wa mutane guntuwa in ce ta tsohona ce?"

"In ka ɗura mata na biki yadda kuke ɗurawa, ba za ta kai ka gida da ido biyu ba."

Sallau ya naɗe kayansa cikin buhu ya fita. Bai yi nisa ba, ya zauna gindin gawo, har rana ta karkata. Baturiya ta kai masa fura, ta ce, "Maharbi, tsohon naka in yana raye, tsawon ƙarfe zai zaɓa ko idon ɗansa?" Ya sha furar, ya tashi, ya koma ya ajiye buhun gaban Maikano, ya ce a ba shi abin da aka yanke ya tafi da shi gida.

Aikin ya ci kwanaki. Maikano ya yanke, ya goge da magagari, ya ƙera toshiya daga wani ƙarfen mota da ya daɗe yana adanawa, ya huda sabuwar kafa ya dasa mata tagulla. Ƙotar ma sai da ya rage. Da aka gama suka fita bayan gari, ya ɗaure bindigar a kututture, ya ɗaura igiya a kunamarta, suka laɓe bayan shuri ya ja. Ta tashi, hayaƙi duk ya yi gaba. Suka sake, haka.

Ranar biki, da maharba suka jeru, nasu dogaye, ta Sallau sai ka ce an rage mata wuya. Aka yi ta dariya. Da aka ba da izini kuwa, ƙararta ta fita daban, gajera mai kauri, har dawaki suka zabura. Daga ranar sunan Mai Guntuwa ya bi shi. Da farko yana jin haushi, daga baya in an kira shi Sallau ma ba ya waigowa da wuri.

Maikano ya ci gaba da aikinsa shekaru. Sannu a hankali namun daji suka ja baya, jandarmomi suka matsa da neman izinin riƙe bindiga, masu kawo gyara suka ragu. Idonsa ma ya fara hazo. Ran da ya huda tagulla ya ga kafar ta karkace, ya ajiye ta, ya ce wa Baturiya daga yau ya bar aikin bindiga. Duk wanda ya kawo, sai ya kwatanta masa wani maƙeri a Sukukutane. Ya koma ga hauya da lauje, waɗanda hannu kaɗai ya ishe shi, manoma kuma ba su bar ƙofarsa ba har ƙarfinsa ya ƙare.