Ranar da Baba Nehemiya Ya Rufe Tagarsa

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Nehemiya yake jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙaramin asibitin unguwar Turaki. Sai ya bi masu jira a kan benci da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da Hausa, wani da Fulatanci, in ya ga ɗan ƙabilarsu kuma su taɓa Mumuyanci. Daga nan ya shiga ɗakin magani, ya goge kanta, ya jera gwangwanayen ƙwayoyi, ya ɗaga katakon taga ya tokare shi da sanda. Ba a sake ganin tagar nan a rufe sai an tashi aiki. Ko dafaffiyar doyarsa ta rana a bakinta yake ci, wai kada wani ya zo ya tarar ba kowa.

Ba likita ba ne. Disfensa ne, mai zuba ƙwaya a 'yar takarda ya naɗe ya miƙa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, tun Jalingo ba ta yi mafarkin zama babban birnin jiha ba, kuma a ƙarshen wannan wata na Nuwamban 1997 zai ajiye shi.

Mutanenmu ba sa riƙe sunan magani, kamanninsa suke riƙewa: fari mai tsaga, ja da rawaya, ɗan ƙarami mai ɗaci. Shi ya sa Baba ya samu kwali, ya ƙulla kowace ƙwaya a 'yar leda ya ɗinke a jiki. Kafin ya ba ka naka sai ya turo kwalin ya ce, "Duba da kyau. Akwai wanda ya taɓa ƙin jikinka a nan?" Masu sauri suna gunaguni, har suka sa masa suna Baba Tambaya. Bai taɓa nuna ya ji ba.

Dinatu, unguwarzomar da ɗakinta yake jikin nasa, ta ce ta haddace karatun da yake yi wa mutane saboda yawan ji ta bango. Yakan ce ɓarnar magani kashi uku ce. Akwai wadda aka san maganin da ita, kamar barci, ko tashin zuciya, ko ƙaiƙayin kulorokwin; wannan ana haƙuri da ita, in ta yi yawa a dawo a faɗa. Akwai wadda take zuwa a hankali bayan an daɗe ana sha, ita sai da sa ido. Ta ukun ita ce jiki da kansa ya ƙi maganin. Ita ba ruwanta da yawa ko kaɗan, rabin ƙwaya ma ya isa, kuma ba a jira a ga abin da gobe za ta yi.

A daminar 1994, wata ranar Talata, Njidda dillalin shanu ya kawo matarsa Hadijatu daga Yelwa, tana tari da zazzaɓi. Jami'in da ke duba marasa lafiya ya rubuta mata magani. Jiri ya sa ta kwanta a tabarma a inuwa, mijin ya zo taga shi kaɗai. Baba ya turo kwali.

"Babu ko ɗaya," in ji Njidda, ko kallon kwalin bai yi ba. "Matata ce, Baba. Da akwai, da na sani."

Layi ya yi tsawo a ranar. Baba ya karɓi maganarsa, ya naɗe masa farar ƙwayar nan mai tsaga da ake kira sulfa.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Njidda ya dawo a kan babur, bakinsa har kunne.

"Baba Disfensa, useko, mun gode! Maganin nan naka ba wasa. Goggona ta ce a ƙaro, kuma a riƙa ba ta har sau uku, tunda ciwon ya fara fitowa."

"Fitowa ta ina?"

"Ta fata mana. Duk jikinta ya feso, har bayanta. Ciwon da ke ciki ne yake fita."

Baba ya ajiye cokalin da yake ɗibar ƙwaya da shi.

"Bakinta fa? Tana cin abinci?"

"Tun jiya ko kunu ba ya wucewa. Leɓen ya ɗan fashe."

"Ido?"

"Ya yi ja. Da safe sai da aka sa ruwan ɗumi kafin ya buɗu."

Dinatu ta ce daga ɗakinta ta ji faɗuwar sanda, katakon taga ya bugu. Ta fito a guje tana zaton wani ne ya faɗi. Sai ta ga Baba yana sa kwaɗo a ƙofar ɗakin magani, ana tsakar aiki, mutane cike da benci.

"Baba, mu fa?" wani ya ɗaga murya.

"Ku naku zai jira awa ɗaya. Nata ba zai jira ba." Ya haye bayan babur ɗin Njidda, wanda har lokacin bai gane abin da ya faru ba.

A gidan suka tarar da Goggo Rukayya, gwaggon Njidda wadda ta raine shi, zaune a ƙofar ɗakin Hadijatu, labule a sake. Kofin ruwa na gefenta da takardar maganin, ana jiran azahar a ba da na rana. Baba ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce a dakatar da maganin, a kai yarinyar babban asibiti yanzu.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Nehemiya, tun kana kawo doya kasuwa a ka na san ka. Yau kai za ka koya mini ciwo? Ni nan duk sanda na sha kulorokwin sai na sosa jikina kamar zan yage shi, kwana biyu na miƙe garau. Magani in bai motsa jiki ba ai bai yi aiki ba. Kuma ba namijin da zai shiga ɗakin nan, ko tufafi ba ta iya sawa."

Baba bai yi musu ba, bai kuma matsa kusa da labulen ba.

"Ba zan shiga ba, Goggo. Ke za ki shiga, ki zama idona. Abin da kika gani shi za mu bi."

Tsohuwar ta yi tsaki, amma ta tashi ta shiga. Shi kuma ya tsaya a waje yana magana da labule.

"Lokacin da kike ƙaiƙayin nan, Goggo, fatarki ta yi ƙuraje masu ruwa?"

"A'a. Susa ce kawai."

"Duba bayanta."

Aka ji motsin Goggo tana juya yarinyar.

"Cikin bakinki ya taɓa salewa? Ɗaga leɓenta a hankali ki gani."

Kaji na ta tono a tsakar gida, Njidda ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

"Hadijatu, 'yata," Baba ya ce, "in kina jina, kin taɓa shan irin farar ƙwayar nan a da?"

Muryar da ta fito da ƙyar ake jin ta. Ta ce sau ɗaya, a gidan iyayenta, kafin aure. Bakinta ya kumbura, innarta ta ce kada ta ƙara.

"To me ya hana ki faɗa?" Njidda ya tambaya.

"A takarda aka kawo, ban gane shi ba sai da na sha. Kuma ba wanda ya tambaye ni."

Labule ya ɗaga. Goggo ta fito, ba sauran faɗa a fuskarta. Ta ɗauki takardar maganin ta damƙa a hannun Baba, ta juya ga ɗanta.

"Njidda, me kake tsaye kana kallo? Nemo mota!"

A cikin motar Baba ya rubuta wa likitan babban asibiti sunan maganin, da ranar da aka fara, da adadin da ta sha, da abin da ya fara fitowa da abin da ya biyo baya. A ƙasa ya rubuta cewa daga hannunsa maganin ya fita, kuma bai tambayi mai sha ba. Ba wanda ya sa shi rubuta wannan. Daga baya likitan ya gaya wa Njidda cewa takardar ta rage musu lalube, kuma da an ci gaba da ba ta har Lahadi, da wuya a ce ga yadda za ta ƙare.

Kwana goma sha shida Hadijatu ta yi a kwance. Aka yi ta ƙarin ruwa, fata tana salewa kamar wadda wuta ta ƙona, idanu a rufe ana ɗiga musu magani. Abin da kowa yake tsoro, ba wanda yake furtawa, shi ne ko ta tashi ba za ta ƙara gani ba. Kullum in an tashi aiki Baba yakan taka kekensa ya je ya tsaya a baranda, ya tambayi nas, ya koma. A rana ta tara, da la'asar, yana nan tsaye sai ya ji salatin Goggo daga ciki, ya ɗauka an yi rashi. Ashe Hadijatu ce ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon tsohuwar, sannan ta ce, "Goggo, ɗankwalinki a bai-bai kika ɗaura."

Goggo ta fito baranda tana dariya tana hawaye, ɗankwalin yana nan yadda yake. Baba Nehemiya ya zauna a kan dakali, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Ranar da aka sallame ta ya ba ta kati, ya rubuta sunan maganin da jan biro, ya ɗinka mata ƙwaya ɗaya a jiki don ta nuna duk inda ta je. Tun daga ranar kuma miji bai ƙara amsa wa matarsa tambaya a tagarsa ba. In ta kasa tasowa, shi yake ɗaukar kwalin ya je inda take kwance. Maza sun yi fushi da farko. Njidda ne yake tare su a kasuwar shanu yana cewa, "Ku bar shi ya tambaya. Ni ma na ce na sani."

Baba, kai ne ka ga mutum ya zo da murna, ka saurari abin da ke cikin murnar. Kai ne ka girmama labulen tsohuwa, ka kuma fitar da yarinya daga bayansa da ranta. Mai gyara kuskurensa a bainar jama'a, ba ka taɓa sa farar rigar likita ba, amma gidaje da yawa a Turaki da Yelwa da Abbare suna da wanda ya rage musu saboda kai. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cin doyar gonarka.

Ku kuma da za ku zauna a ɗakin nan bayansa, da masu kemis na cikin gari, da mu da muke zuwa karɓar wa wani magani, mu daure mu tambayi mai jikin. In ƙuraje sun feso, baki ya fashe, ido ya yi ja, kada a ce ciwo ne yake fita. A ajiye maganin, a ɗauki mutum da takardar a tafi asibiti a ranar.

Hadijatu ta ce a gaya maka, Baba, hular da za ka sa ranar bikin sallamarka ta kusa gamawa. Da kanta take zura zare a allura.