Ranar Da Barira Ta Kifar Da Tukunya

Shekara goma sha ɗaya Barira ta yi tana tuƙa tuwo a rumfar Saudatu, a bakin tashar Rogo. Daga Yola ta Karaye aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ta zauna. Ita ce surfe, ita ce ɗiban ruwa, ita ce gaban murhu, har tafin hannunta ya yi kanta, ba ta jin zafin tukunya. Ba ta da yawan magana, amma komai a idonta yake. Daga yadda mutum ya wanke hannu takan gane ko ya kwana da yunwa.

Shekarar farin nan, wadda aka canja kuɗi zuwa naira, dawa ta yi wuya. Ana gobe kasuwa sai Ilu mai awo ya sauke musu buhu guda na farar dawa, ƙwaya manya-manya, ba tsakuwa ba ƙwaro.

Rashin ƙwaron nan ne ya fara damun Barira. Da ta surfa ta wanke, ruwan tsarin ya fito ja-ja, yana wani wari kamar kananzir. Ta ajiye ƙwaryar tsarin ta tafi kai niƙa. Kafin ta dawo akuyar Saudatu ta shanye, kamar yadda ta saba.

Da safe akuyar ba ta tashi ba. Tana kwance gindin darbejiya, baki na dalala, ƙafafu na rawa.

"Yaya," in ji Barira, murya ƙasa-ƙasa, "dawar nan iri ce. Irin shuka ne da aka cuɗa da magani. Dubi akuyarki."

"Kayya, wani tsumman ta haɗiya," in ji Saudatu. "Na san iri ne, Ilu bai ɓoye min ba. Ai jiya kafin ki kai niƙa, da kika tafi ɗiban ruwa, na sake wanke ta. Sau bakwai! Kwanon da kare ya lasa ma sau bakwai ake yi masa ya tsarkaka, balle hatsi."

"Wannan ba najasa ba ce, Yaya."

"To malama! Ɗora tukunya, rana na yi."

Barira ta ɗora. Ta yi talge, ta zuba gari, muciya na juyawa, idonta na kan darbejiya. Ba ta da gona, ba ta da kowa a Rogo. Rumfar nan ce cinta, ita ce shanta.

Hantsi ya ɗaga, mutane suka fara cika benci: fatake, 'yan dako, wasu manoma uku daga Rogo Ruma da suka zo sayar da garmunansu. Muntaka direban lori ya zauna inda ya saba, yana kaɗa kwano.

"Barira sarkin muciya! Yau sai mun mutu za a ba mu? Malmala uku, miyar kuka ta ji man shanu!"

Aka yi dariya. Barira ta ɗauki mara, ta tsoma a ruwa, ta waiwaya. Akuyar ta daina rawa. Ƙudaje sun sauka a idonta.

Ta ajiye marar. Ta yi bisimilla, ta kama bakin tukunyar da hannu biyu, ta kifar da ita cikin toka. Ta ja garwashi da ƙasa ta rufe, don kada kaji su tona.

Saudatu ta tsaya da ludayin miya a hannu.

"A shekarar nan kika zubar da abinci? A gaban mayunwata?"

Barira ta nuna akuyar, ta faɗi abin da dabbar ta sha. Muntaka ya je ya taɓa ta da ƙafa, ya dawo ya ajiye kwanonsa a hankali. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka tashi.

"Kin kashe min rumfa," in ji Saudatu. "Ɗauki mayafinki, kada in ƙara ganinki."

Barira ta ɗauka. Har ta kai bakin hanya sai Muntaka ya cim mata, fuskarsa ba sauran wasa.

"Buhun na Ilu ne, mai jan zare a baki?"

"Shi ne."

"Jiya na kai masa irinsa guda shida Karaye."

Barira ta dubi rana. Ta kusa tsaka, lokacin da ake kwashe tuwo ke nan, har a Karaye. Ta kama ƙarfen lorin ta hau. Muntaka ya ruga ya tada mota.