Ƙara Ƙarfi a Nan

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Ardis Halvorson tana koyar da piyano a falon gidanta da ke bayan coci, kuma rabin mutanen garin Carrow sun taɓa zama a kan bencin nan nata suna lilo da ƙafa. Mai shagon magani ita ta koyar da shi, ta kuma koyar da 'ya'yansa. Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: ka cire takalminka mai ƙanƙara a bakin ƙofa, ka wanke hannu, ka zo da farce a yanke, uwarka kuma ta jira a mota. Biro ba ya taɓa littafin kiɗa a gidanta. Fensir kaɗai, domin a cewarta abin da malami ya rubuta yau, gobe yana iya zama kuskure. Takan faɗi wannan da gadara, irin ta wanda bai taɓa zaton maganar za ta faɗo kansa ba.

A cikin duk ɗalibanta babu wadda ta shiga ranta kamar Tessa Boychuk, 'yar wani manomin alkama. Tana shekara shida aka kawo ta, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba sai da aka tara mata littattafai. Ardis da kanta ta lanƙwasa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu Tessa ta kai sha bakwai, kuma a tsakiyar watan Afrilu za ta je birnin Saskatoon ta yi kiɗa a gaban malaman jami'a, su ɗauke ta ko su bar ta. Ardis ba ta taɓa samun ɗalibin da ya kai nan ba, kuma ta san ba za ta ƙara samu ba.

Kafin nan akwai gasar kiɗa ta gari da ake yi kowane Maris. Alƙaliya takan zo daga birni, ta saurari kowane yaro, ta rubuta masa sharhi a takarda, malamai kuma su kwashi takardun ɗalibansu. Bana Ardis ta shigar da bakwai. Da ta dawo gida ta haɗa kofi, ta baje takardun a teburin kicin. Ta farko ta ce hannun dama yana duka da yawa idan kiɗan ya hau sama. Ta biyu ma haka. Har ta Tessa, wadda ta zo ta uku alhali kowa ya sa mata ran ta ɗaya: yatsu masu kyau, amma siraran muryoyin can sama suna huda kunne. Takarda bakwai, magana ɗaya.

Ardis ta ce wannan alƙaliya kunnenta ne ba shi da lafiya, ta tura takardun gefe. Amma kofin ya huce ba ta sha ba.

Washegari Wendell Friesen, mai saita piyano, ya zo aikinsa na kowace bazara. Tsoho ne mai tafiyar agwagwa, shekara talatin suna faɗa da Ardis ba su gaji ba.

"Wendell, ka duba mini maɓallan can na sama," in ji ta. "Sun mutu murus, sai an doke su suke magana. Bara ma na gaya maka, ka karɓi kek ɗina ka tafi."

"Bara na duba, bara waccan ma na duba. Lafiyarsu ƙalau, Ardis."

"To ƙarya nake yi ke nan?"

"Juya ki kalli taga."

Ta harare shi, amma ta juya. Ta ga motar kwashe ƙanƙara ta wuce, ta ga karen maƙwabta yana tonon banza.

"Sau nawa na danna?" in ji shi.

"Ai ba ka fara ba tukuna."

"Sau shida."

Da ta juyo sai ta ce, "Me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"Ke ake gaya wa magana? Na taɓa cewa bencinki ya karkace, wata biyu ba ki gaishe ni a coci ba."

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma nata ɗakin duk gari ya sani ban da ita. Bayan tafiyarsa ta ɗauko littattafan ɗalibai da ke jere a kabad ta soma buɗewa. Duk inda kiɗa ya hau sama, ga rubutunta da fensir: ƙara ƙarfi a nan. Wani wurin ta ja masa layi biyu. Ta bi kwanakin da take rubutawa a saman shafi, ta ga abin ya kai shekara uku. Yaran ba su yi laifin komai ba. Ta ce su doka, sun doka, har sai da sautin ya kai kunnenta, ita kuma ta manna musu tauraro a shafi ta ce madalla. Kunya ta rufe ta, tsoro kuma ya biyo baya, don saura wata ɗaya Tessa ta tafi Saskatoon.

Ta je wurin likitan kunne, aka sa mata na'urar ji. Maganar mutane ta dawo tar, har ƙarar agogon kicin da ta zaci ya daina. Amma da ta zauna a piyano ta danna, sai ta ji kamar ana zuba cokula a kwanon tasa. Likitan ya ce kunne zai saba, wata huɗu ko shida, mai yiwuwa. Ta cire na'urar ta sa a aljihun rigar sanyi.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu Tessa ta zo, ta wanke hannu, ta zauna. Ardis ta gaya mata komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Ke ba ki ji ya yi yawa ba?"

Tessa ta sunkuyar da kai. "Na ji, Misis Halvorson. Amma ke kika ce."

Da Tessa ta zage ta da ya fi wa Ardis sauƙi.

"To mu gyara. Daga shafi na uku, a hankali, kamar ba kya son tayar da mai barci."

Tessa ta fara. Da kiɗan ya soma hawa, Ardis ta ga ƙaramin yatsan yarinyar ya ɗaga sama da kansa ya sauko da ƙarfi, yadda aka horar da shi. Tessa ta tsaya, ta ciji leɓe, ta sake. Wannan karon yatsun suka sauka a hankali, sai kiɗan ya ɓace wa Ardis gaba ɗaya. Tana ganin maɓallai suna nutsewa suna tasowa, falon kuma shiru.

"Yanzu fa? Ya yi?" in ji Tessa, tana kallonta yadda take kallonta tun tana shekara shida.

Ardis ta buɗe baki. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa rasa amsar wannan tambaya ba.

"Ban sani ba, 'yata," in ji ta.

A gaban yarinyar ta ɗauki waya ta kira Joelle Desrosiers, matashiyar malamar da ta buɗe aji a bayan banki, wadda Ardis ta sha yi wa ba'a cewa da piyanon lantarki take koyarwa, abin wasan yara. Ta roƙe ta ta karɓi Tessa na mako uku. Joelle ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, amma abin da hannu ya yi shekara uku yana koyo ba ta yi alkawarin cire shi a mako uku ba. Ardis ta ce ta sani.

Ta ɗauki littafin Tessa da kilinar goge fensir, don ba ta so wata malama ta ga rubutun. Ta goge na shafi na uku, ta hure, ta goge na huɗu. Sai dai ita mai danna fensir ce tun fil azal. Baƙin ya fita, amma sawun haruffan ya zauna a jikin takarda, ko da yatsa ka shafa za ka karanta.

Tessa ta riga ta sa takalmi, tana tsaye a bakin ƙofa, mahaifinta yana jira a mota.

"Ki bar shi haka, Misis Halvorson," in ji ta a hankali. "Ko kin goge, hannuna ya riga ya haddace."

Ardis ta ga leɓen yarinyar yana motsi, amma ba ta kama duka maganar ba, kuma ba ta ce ta maimaita ba. Ta ci gaba da gogewa har takardar ta huje.