Ƙafa Huɗu Na Turai

A shekarar 1983 Malam Salihu ya fara ganin Turai, ranar da aka kawo ta amarya gidan da ke bayan shagonsa a Yakasai. Shagon gadon mahaifinsa ne, a ciki yake buga wa jama'a takardu da tafireta: cinikin gida, rabon gado, wasiƙar neman aiki. Mutum ne mai tsantseni. Yakan ce tafireta ba ta taɓa yi masa shisshigi ba, abin da ya danna shi take bugawa.

Da kwamfuta ta zo, ya saya ba don yana so ba. Abu ɗaya ya dame shi. A awon gida, zane ɗaya a saman lamba ƙafa ke nan, zane biyu inci. Ita kuwa kwamfuta sai ta lanƙwasa su kamar alamar zancen wani. Don haka ya tsara fom nasa, ya umarce ta ta miƙe duk alamar da ta lanƙwashe. Bai lura ba cewa in ta miƙe su, duka zane biyu take mayar da su.

A 2011 mijin Turai ya rasu, ba su da ɗa. Aka raba gidan. Ta sami ɗakin ƙurya da hanyar fita mai faɗin ƙafa huɗu, sauran ya koma hannun Jibrin, ƙanin mamacin. Salihu ne ya buga takardar, kowa ya sa hannu. Bayan wata biyu Jibrin ya tayar da katanga, ya bar rata daidai kwatar ruwa.

Salihu ya ciro kwafinsa ya duba. Inci huɗu.

Ya je ya sami Jibrin a ƙofar gida. "Alhaji, kuskurena ne. Kowa ya san ƙafa huɗu aka yanka mata."

"Kai fa ake cewa ba ka kuskure, Malam," in ji Jibrin. "Ni abin da aka rubuta na gina."

Mai unguwa ya yi magana, Jibrin bai ji ba. Aka ce ta kai ƙara, Turai ta ce ba za ta tsayar da ƙanin mijinta gaban alƙali ba. Sai ta koma bi ta tsakar gidan Jibrin, in an ga dama a buɗe mata. Ranar da ciwo ya kama ta, wuni guda ta yi a kwance kafin a sami mai makulli.

Washegari Salihu ya kira magini. Bangon bayan shagonsa shi ne bangon ɗakinta. Ya riƙe ma'auni da kansa, aka fasa ƙofa, aka ja sabon bango a cikin shagon daga can har titi, aka bar hanya mai faɗin ƙafa huɗu. Abin da ya saura na shagon bai ɗauki teburi ba. Ya sayar da kwamfutar, ya koma zama a dakali.

"Malam Salihu, me ya kai ka?" Turai ta tambaye shi.

"Shagon ya yi mini yawa, Malama."

Shekara tara tana bi ta nan. Da ta rasu, ta wannan hanya aka fito da makararta, masu ɗauka biyu a jere, kafaɗar kowa ba ta taɓa bango ba.