Littafin Malam Iro da gara ta cinye ƙarshensa

Malam Iro ya rasu.

Da safen nan ɗansa ya kira ni, ina tsaye bakin titi a Kaduna ina jiran mota. Na ce to, na kashe wayar, na koma gida na zauna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koyar da ni a aji uku a firamare, a Birnin Gwari. Ranar da kwalba ta yanke ni a ƙafa, shi ya ɗora ni a kekensa har gida, yana ta yi mini faɗan ƙarya a hanya don in manta da kuka. Guntayen alli kuwa ni yake tara wa, wai ya ga hannuna na son zane.

Amma yau ba wannan ke cin raina ba. Maganar littafin nan ce.

A zamanin Turawa, yana ɗan elementare a Tsohon Birnin Gwari, akwai akwatin littattafai na En'e da ake yawo da shi a ka, daga wannan makaranta zuwa waccan. Sati biyu yake yi a ɗauke shi. A ciki Malam ya gamu da wani ɗan littafi mai zane-zane, hoto huɗu a kowane shafi, rubutu a ƙasa. Labarin wani ɗan aike ne da aka ba wasiƙa a tsagaggen kara, aka ce ya ratsa daji ya kai wa hakimi.

Ranar ɗaukar akwati ta zo bai gama karantawa ba, sai ya soke littafin a jinkar rumbun babansa, ya ce ya ɓata. Ya sha bulala shida. Tsoro ya hana shi kusantar rumbun har sati uku, ga shi damina ce. Ko da ya zaro, gara ta cinye bayan littafin kaf. Inda labarin ya tsaya, ɗan aike na bakin kogi, ruwa ya cika ya batse, wasiƙa na hannunsa. Ragowar ma daga baya ta bi shanun sarki.

Duk shekarun da ya yi yana koyarwa ban taɓa jin ya ambaci wannan ba. Sai da 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa ta wajen Kakangi, ya dawo zaman zaure. Wata rana jikoki na kallon kartun a waya, ya leƙa, shi ke nan abu ya taso. Dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya ya koma zana ɗan aike a bayan tsofaffin kalanda.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya kira ni a waya.

"Sanusi, ka leƙa Zariya kuwa? Ni dai in san ko wasiƙar nan ta isa."

Ko sunan littafin bai tuna ba. Sau biyu ina zuwa Zariya ina bin masu tsofaffin littattafai, ban samu ba. Daga nan, gaskiya, na gaji. Da ya ɗauko labarin sai in sa wayar a sifika, in ci gaba da harkata ina "na'am Malam, haka ne Malam".

Ƙaramar sallar da ta wuce na bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa na je gida. Na same shi a zaure ya rame, kalanda a cinya. Ganinsa haka ne ya sa na yi abin da na yi. Na ce masa na samo littafin a wani laburare, ba a bari a fita da shi, amma na karanta. Na ce ɗan aike ya sami icen da ya faɗi a kan kogin ya haye, ya kai wasiƙa, hakimi ya ba shi riga.

Ya gyara zama, idonsa ya kawo haske.

"Alhamdu lillahi! To karen fa? Shi ma ya haye?"

Wane kare kuma?

Ya miƙo mini kalandar. Babu hoton da ba kare a bayan ɗan aiken. Ashe karen ne ya fi damunsa, kuma duk Juma'a sai ya faɗa, ni ne ba na ji.

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Sanusi. Ka sha hanya. Allah ya yi maka albarka."

Ya sa aka damo mini fura.

Tun daga ranar bai sake kirana ba. Ni kuwa, Allah na gani, da farko har daɗi na ji wai na huta. Daga baya kunya ta hana ni kira, kullum sai in ce sati mai zuwa.

Ƙarfe biyu za a yi jana'iza. Ayarin yau ya riga ya tashi, ba zan samu ba.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma ya yafe mini ƙaryar da na yi wa malamina, da sauraron da na hana shi.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. In bakinku bai gaji ba, ku haɗa da ni.