Rajistar da Ta Bar Mutum Ɗaya a Kano

A majalisarmu ta ƙofar masallaci a Gubuchi an yanke hukunci cewa ba a yi dattijon da zai kwashi jikoki tara zuwa babban filin wasa na Kano ya dawo da su cif ba. Malam Idi mai taki har cewa ya yi in na dawo da bakwai ma a yi mini guɗa. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina hedimasta, ko alli ban taɓa ɓatarwa ba.

Mako biyu na yi ina shiri. Na zana jadawali, kowane lilo minti goma sha biyu. Na buɗe rajista da sunayen yara bisa tsarin haihuwa. Na kafa doka biyu: wayar kowa tana jakata, kuma ba mai magana a mota sai ya ɗaga hannu na ba shi izini. Uwargida, mai riƙe da kular abinci, ban rubuta ta ba. Mu mutanen dā, ba ma kiran sunan matar fari, balle mu sa shi a takarda.

Gubuchi zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, bayan Asuba, muka shiga bas ɗin Ɗanlami direba da na ɗauka shata. Muka ratsa Makarfi, muka karya da koko da ƙosai a Tashar Yari. A shingen Kwanar Dangora jami'i ya leƙo.

"Baba, makaranta ce?"

"Iyali ne," na ce, "amma masu tsari."

Tara saura kwata muka isa. Kuɗin shiga ba zan rubuta ba, saboda masu hawan jini.

Cikin fili

A lilon farko jadawalina ya rasu, don layi kaɗai ya ci minti arba'in. Da muka zo ga wata ƙatuwar ƙafa ta ƙarfe irin ta keke, mai juyawa tana ɗaga mutane sama da rimi, jikata Ummi ta ce, "Angona, tsoro kake ji? In ba ka hau ba na fasa auren."

Na hau. Masu cewa na yi ihu ba su san addu'a da ƙarfi ba ne. Uwargida kuwa dariya take ta yi, tana nuna wa yara dutsen Dala.

Ƙarfe huɗu daidai na busa usur, na jera su a bakin mota, na kira rajista. Tara suka amsa. Na shiga gaba na ce, "Ɗanlami, bismillah."

Kura

Mun ci kilomita talatin, ina tsara jawabin da zan yi wa Malam Idi, sai direba ya dubi madubi.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan tun Na'ibawa hannunta ke sama."

Na waiga. "Ummi, an ba ki izini."

"Inna ba ta cikin mota."

Na zaro wayata na kira ta. Jakata ta ɗau ƙara.

Muka juya. A kan benci kusa da ƙofa muka same ta, kula a gefe, tana shan askirim. Ashe komawa ta yi ta sake hawa ƙafar nan.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "An ƙirga alli, an manta da allo?"

Ta ƙi tashi. Ta ce tunda ba ta cikin rajista, ba ta cikin tafiya. Ɗanlami ya shiga duban tayarsa. Na ciro biro na rubuta lamba ta goma, na gyara murya, a gaban jama'ar Kano na kira:

"Hauwa'u."

"Na'am," ta ce. "Sai yau?"

Gida

Mun iso Gubuchi ana kiran Isha'i, mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Ɗanlami. Na shaida wa majalisa cewa tara suka tafi, tara suka dawo, kuma maganarmu ba ta shafi manya ba. Malam Idi ya ce sai an ji ta bakin direba.

Ko me zai faɗa, ina so a rubuta wannan: Asabar, huɗu ga watan Ƙaramar Sallah. Ran nan ne, bayan shekara arba'in da shida da aurenmu, na kira ta da sunanta, kuma ta amsa.